Darasi: Zagayen Tsohon Birnin Alƙahira da Ƙafa, Daga Babul Futuh Zuwa Lambun Azhar

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan'uwa barkanmu da warhaka, musamman sababbin ɗalibai da suka sauka Masar a bana. Yau darasin namu ba nahawu ba ne, ba balaga ba, yawo ne. Eh, yawo. Na san wani zai ce ai mu karatu ya kawo mu. To Malam, ni shekarata ta farko a Alƙahira, ɗaki na sani, sai aji, sai masallaci, sai wurin mai ful, wato dafaffen wake, da safe. Da na je hutu gida ƙanina ya tambaye ni yaya Kogin Nilu yake, na ce masa ta tagar mota na hango shi. Dariyar da aka yi mini a gidanmu ita ta sa na fara fita. Saboda haka zan ba ku hanya guda ɗaya, ta wuni guda, wadda ƙafa ce za ta yi yawancin aikin.

Kada ka zaɓi Juma'a. Ranar hutun Masarawa ce, cunkoson sai ka rasa inda za ka sa ƙafa. Ka nemi tsakiyar mako, ka fita bayan Azahar idan da zafi ake, ko da hantsi idan lokacin sanyi ne. Daga Maris zuwa Mayu kuma akwai iskar da suke kira khamasin, ƙura ce kamar ta hunturunmu, sai dai ita da zafi take zuwa. Ka ga sama ta yi jawur, ka ɗage fitar.

Ka ɗauki katin ɗalibi, domin a wuraren tarihi akan rage wa ɗalibi kuɗin shiga. Ka ɗauki katin banki, da yawansu yanzu da shi ake biya. Sai leda ɗaya ta zuba takalmi idan za ka shiga masallaci.

Ka hau metro, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, layi na uku, ka sauka a tashar Babush Sha'ariyya. 'Yan'uwa mata, a tsakiyar jirgin akwai taragun mata zalla, ku nemi alamar a inda ake jira. Namiji kuma ka kula, kada gaggawa ta jefa ka ciki, za ka sha kallo. Daga tashar ɗan tattaki ne zuwa Babul Futuh, ƙofar arewa ta tsohuwar ganuwar birnin, wadda aka gina a 1087. Wanda ya san Ƙofar Mata ko Ƙofar Nasarawa a Kano zai gane tsarin nan take: birni mai ganuwa, ƙofofi da sunayensu. Bambancin kawai nan dutse ne, namu ƙasa.

Kana shiga ka hau titin Mu'izzi, ka miƙe kudu. Tsawonsa kamar kilomita ɗaya ne zuwa Babu Zuwaila, ƙofar kudu, amma kada ka yi sauri. A hagunka da farko masallacin Hakim ne, mai faffaɗan tsakar gida. Can gaba ginin Sarki Ƙalawun, na wajen 1285, wanda ya haɗa makaranta da kabari da asibiti. Asibiti fa, shekaru sama da ɗari bakwai da suka wuce. Ka shiga ka ɗaga kai ka ga aikin rufin.

Kasuwar Khan Khalili ba zan daɗe a kanta ba. Ta masu yawon buɗe ido ce, farashin ma nasu ne. Ka ratsa, ka ce la shukran, wato a'a na gode, ka wuce. Af, na tuna. Kada ka yi ciniki da Larabcin aji. Na taɓa tambayar wani mai shago farashi da fusha, wato Larabcin littafi, tsantsa har da i'irabi, ya dube ni ya ce sadaƙallahul azim. Ka ce bikam da, wato nawa ne wannan, shi ke nan.

Inda nake so ka zauna sosai shi ne masallacin Azhar. Da yawanmu muna shiga mu ɗauki karatu mu fita, ba mu taɓa tsayawa mun dube shi ba. An fara gina shi a 970, aka buɗe shi a 972. A da ɗalibai a ciki suke kwana, kowace al'umma da sashenta da ake kira riwaƙ, kuma a cikinsu akwai na mutanen Barno. Wato ba kai ne farkon zuwa ba. Akwai malami Bakatsine, Muhammad al-Kashinawi, masanin lissafi da hatimi, da ya sauka a gidan Shehu Hasan al-Jabarti a nan Alƙahira, a nan kuma ya rasu a 1741. Tun kafin shi, Mansa Musa na Mali ya yada zango a birnin nan a 1324 kan hanyarsa ta Makka, ya yi ta rabon zinariya har darajarta ta faɗi. Su da raƙumi da ƙafa suka ƙetaro Sahara. Mu 'yan awoyi a jirgi, sannan muna ƙorafin gajiya.

Ka yi La'asar a nan, ka koma kan Mu'izzi ka ci gaba zuwa Babu Zuwaila, ƙofar kudu, ta 1092. Hasumiyoyi biyu na masallacin Mu'ayyad a kanta aka ɗora su, kuma ana hawa. Matakalar ƙunci gare ta, ga duhu, mai jiri ya tsaya a rufin ƙofar kawai. A bakin wannan ƙofa aka rataye Tumanbai, sarkin Mamluk na ƙarshe, a 1517, lokacin da Daular Usmaniyya ta ci Masar. Kana sauka ka nemi mai matsar rake, su asab suke ce masa, ka sha kofi ɗaya mai sanyi.

To, yanzu sai lambun. Ka tari mota ka ce Hadiƙatul Azhar, babbar ƙofarsa tana kan titin Salah Salim. Ka yi ƙoƙari ka shiga saura kamar awa ɗaya rana ta faɗi. Wurin nan da za ka gani kore shar, da dabino a jere da ruwa yana gudana ta tsakiyar hanya, juji ne. Shekara kusan ɗari biyar mutanen birni suna zubar da shara da ɓaraguzai a bayan ganuwa, har ya zama tudu. Gidauniyar Aga Khan ce ta kwashe shi, ta kawo ƙasa mai kyau, aka buɗe lambun a 2005, faɗinsa kamar hekta 30. Suna cikin haƙa suka ci karo da ganuwar zamanin Salahuddin, kusan kilomita ɗaya da rabi, sharar ta binne ta. Ka sauka ɓangaren yamma za ka gan ta a tsaye.

Amma ni abin da ke kai ni shi ne tudun. Ka hau can sama ka zauna a ciyawa. Ta kudu ga Ƙal'a, sansanin Salahuddin da aka fara a 1176, da masallacin Muhammad Ali a samanta. Ta gabas dutsen Muƙaɗɗam. Ta yamma kuma duk hanyar da ka biyo yau ce a shimfiɗe, kana iya nuna hasumiyoyin Azhar da na Babu Zuwaila da yatsa. Ni sai ranar na san inda gabas take a garin nan ba tare da na tambayi kowa ba. Ka ajiye wayar ka jira Magariba. Ladan ɗaya zai fara daga nesa, wani ya karɓa, kafin ka ankara ko'ina ya ɗauka.

In lokacin sanyi ne ka zo da rigar sanyi, iskar tudun nan tana shiga ƙashi da zarar rana ta faɗi. Wajen komawa, 'yan Madinatul Bu'us, masaukin baƙin ɗaliban Azhar, ku kusa ne, Salah Salim ya miƙe har Abbasiyya. 'Yan unguwar Madinat Nasr ku nemi ƙaramar bas, ka tambayi direba inda ya nufa kafin ka shiga. A darasi na gaba in Allah ya yarda za mu gangara bakin Nilu, in nuna muku yadda ake ciniki da masu kwalekwale kusa da gadar Ƙasarun Nil. Wassalamu alaikum.