Lacca: Masu ƙirga malam-buɗe-littafin dare a gundumar Dorset

Assalamu alaikum. Malamai, iyayenmu da ke zaune a gaba, da ɗalibai, ina gaisuwa.

Da aka karanto taken laccar nan na ga wasu suna murmushi, wai an tara jama'a a kan asu. To, asu mai cin tufafi ɗan gidan ne, amma auta ne. Ina magana ne kan masu kama da malam-buɗe-littafi ɗin nan da ke zagaye fitila da dare. A Birtaniya kaɗai akwai irinsu wajen 2,500, alhali na rana ba su wuce iri 60 ba.

Mu je Dorset, gunduma ce a bakin teku, kudancin Ingila. Da magariba za ka ga mutum, wani ɗan fansho ne, wata malamar makaranta ce, ya fito da akwati cikin lambun gidansa. A saman akwatin ƙwan lantarki ne mai haske, ƙarƙashinsa mazurari, ciki kuma an jera kiret ɗin ƙwai na kwali. Haske ya ja ƙwarin, su zurma ta mazurari, su lafe a ramukan kiret ɗin har gari ya waye. Da asuba mutumin ya tsuguna yana ɗaga kiret ɗaya bayan ɗaya, yana rubutawa. In ya gama sai ya sake su cikin ciyawa, don kada tsuntsaye su yi karin kumallo da su. Babu mai biyansa ko sisi.

Abin da ya fi burge ni shi ne tantancewa. Kowace gunduma tana da mutumin da ake kai wa rahoto, shi ma aikin sa-kai yake. Abu huɗu yake nema: me ka gani, a ina, yaushe, kuma kai waye. In ka ce ka kama wanda ba a saba gani ba, ko kai aminin babansa ne sai ka kawo hoto. Gani ya kori ji. Wasu irin ma hoto ba ya raba su, sai an sa su a madubin ƙara girma. Abin da ya tsallake nan shi ke shiga kundin ƙasa da ƙungiyar Butterfly Conservation, mai kare malam-buɗe-littafi, ta buɗe a 2007.

Ga misali. Akwai wani babba da suke kira Clifden Nonpareil. In ya buɗe fikafikai yakan kai santimita tara. Na sama toka-toka ne kamar ɓawon itace, sai ya ɗaga su ka ga baƙi da zanen shuɗi. Tun shekarun 1960 ya daina hayayyafa a ƙasar, sai dai jefi-jefi iska ta kawo ɗaya daga sauran ƙasashen Turai. Daga wajen 2007 sai masu akwatunan nan na Dorset da maƙwabtansu suka riƙa kama shi a wuri guda, bana da baɗi. Baƙo ba ya haka. Da rubutunsu aka gane ya dawo da zama, kuma yanzu ya bazu can arewa.

Amma kada shuɗin nan ya ɗauke muku hankali. Mai rubuta cewa yau ya kama gama-gari guda arba'in, a ganina ya fi mai farautar sabon suna amfani. Tarkunan cibiyar binciken noma ta Rothamsted da ke Ingila, waɗanda galibi 'yan sa-kai ke dubawa, sun nuna yawan manyan ƙwarin nan ya ragu da kashi 33 cikin ɗari tsakanin 1968 da 2017.

Mu ma da rabonmu a ciki. In iskar kudu ta taso da ƙurar Sahara, masu tarko a tsibirin Portland da ke Dorset ba sa barci, don a irin wannan dare ne baƙi daga Afirka ke sauka. Tsutsar nan kuma da ta addabi masara a gonakinmu tun 2016, uwarta ɗaya ce daga cikin masu zagaye fitilar nan, da dare take bi tana zuba ƙwai a ganye.

Na ga shugaban taro yana duba agogo. Mai tambaya ya ɗaga hannu.