Yadda ake farfaɗo da kurmi a tsakiyar birnin Niyu Yok

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya. Yau na fito da ku lambun Central Park da ke tsakiyar Manhatan, amma ba wajen da baƙi ke tsayawa ɗaukar hoto za mu ba. Kurmin da ake kira Ramble za mu shiga. Ku yi haƙuri da ƙarar iska a makirufo, da mun shige cikin itatuwa za ta lafa.

Wannan kurmin da kuke gani, mutane ne suka dasa shi da hannunsu. Frederick Law Olmsted da Calvert Vaux ne suka ci gasar zana lambun a 1858. Faɗinsa gaba ɗaya eka 843 ne, Ramble ya ɗauki eka 36 a ciki. Hatta ƙoramar nan da kuke jin kwararowarta, daga bututun ruwan birni take fitowa. A shekarun 1970 birnin ya faɗa matsin kuɗi, aka rasa masu kula da wurin, ya lalace ƙwarai. A 1980 aka kafa ƙungiyar Central Park Conservancy, ita ce take riƙe da aikin gyaran har yau.

To ku zo nan, bari in durƙusa in matso muku da kyamara. Kun ga wannan jan layin da ya ratsa tsakanin bishiyoyi biyun can? Ba hanya ba ce, yanke ne. Wani ya ga zagayen ya yi masa nisa ya ratsa, na bayansa ya ga sawu ya bi, yau da gobe ciyawa ta mutu. Ku ji yadda ƙasar take amsawa in na ƙwanƙwasa ta da makulli: ta zama kamar daɓe. Yanzu ku dubi ta bayan shingen, taku ɗaya ne tsakaninsu. Yatsana ya shige ba tare da na matsa ba. Baƙa ce, tana da danshi, ga ruɓaɓɓen ganye, ga ma tana nan tana motsi.

Ƙasa mai lafiya kusan rabinta ƴan ƙananan ƙofofi ne da iska da ruwa ke zama a ciki. Ƙafa tana toshe su. In suka toshe, saiwa ba ta samun iska, kuma yawancin saiwoyin da bishiya ke ci da su ba su da zurfi, suna nan kusa da sama, daidai inda muke takawa. Ruwan sama kuma ba ya samun wurin shiga, sai ya gangara da gudu, ya kwashi ƙasar sama ya kai tafkin da ke ƙasan tudun nan. Tudu ya zaizaye, tafki ya cika da laka. Ana kiyasin lambun nan yana samun ziyara sama da miliyan 40 a shekara. Ku auna irin nauyin da ƙasar nan take ɗauka.

Shi ya sa ni a ganina duk aikin farfaɗo da kurmin nan daga turba yake farawa. Ba za a iya hana mutane shigowa ba, kuma bai ma kamata a hana ba, domin su aka yi wurin. Abin yi shi ne a ba ƙafa hanyar da za ta gamsu da ita. Ku kalli wannan da nake kai yanzu. An zuba mata guntayen itacen da aka daddatsa, tafiya a kai laushi, kuma ruwa yana tsotsewa ta ciki. An ɗan karkatar da ita gefe ɗaya, kaɗan ne ƙwarai, sai ka lura, don ruwa ya tsallake ta ya wuce maimakon ya bi tsawonta ya haƙa kwazazzabo. Gefenta an jera gungume. Ba wanda ya rubuta maka kada ka fita, amma ƙafarka da kanta ba ta son tsallakewa.

Mutum ba ya barin hanya haka kawai. Ko dai ta yi taɓo ya kauce, ko kuma akwai wani dutse ko bakin ruwa da yake son kaiwa amma hanyar ba ta kai shi. Mai gyara na ƙwarai yana karanta sawun mutane. Wani yanken a toshe shi, wani kuma a amince da shi, a gyara shi ya zama turba sosai. Wanda aka toshe ga yadda ake yi masa: a sassaƙe ƙasar ta buɗe, a shimfiɗa raga ta zaren rama a kafe ta da turaku don ruwa kada ya tafi da ita, a dasa ƙananan tsirrai ta cikin ramukan ragar, sannan a jibga rassa a bakin wurin. Ragar da kanta take ruɓewa, lokacin saiwoyi sun riga sun kama.

Ga wata ma'aikaciya can ta turo baro cike da tsirrai, bari mu ba ta hanya.

Dashen ma ba kowane kore ake so ba. Akwai wata ciyawa mai gaɓa-gaɓa da aka kawo Amurka daga gabashin Asiya a ƙarni na 19 don ado. Ta zama annoba. In ka tumɓuke ta ka bar ɗan guntun saiwa, sai ta sake tohowa, ta rufe wuri ta hana komai fitowa. Shekaru ake yi ana binta. Haka wata bishiyar da aka kawo daga Turai, inuwarta mai duhu ce, ƙarƙashinta fayau. A madadinsu ake dasa na asalin yankin, irin su itacen ok, wanda ɗaruruwan nau'in tsutsa ke cin ganyensa. Tsutsar nan ita ce abincin tsuntsu. Ana ganin nau'in tsuntsaye fiye da 200 a lambun nan duk shekara, da yawansu matafiya ne da ke bin gaɓar Tekun Atlantika. Wasu ƙanana ne ƙwarai, da dare suke tafiya, daga Amurka ta Kudu suke tasowa. Gari ya waye musu a kan birnin da duk siminti ne, sai wannan koren. Wallahi in na tuna haka, wurin yana ƙara girma a idona.

Wannan mataccen kututturen kuma da gangan aka bar shi. Ku ga naman kaza a jikinsa, ku ga ramukan da tsuntsu mai ƙwanƙwasa itace ya fafe yana neman ƙwari. Daga baya wasu tsuntsayen za su yi sheƙa a ciki. Sai wanda zai iya faɗo wa mai wucewa ne ake sarewa.

In kuna son ganin bambancin kulle wuri da kula da shi, akwai ɗan kurmin Hallett a kudancin lambun, eka 4. An rufe shi a 1934 aka bar shi shekara da shekaru, baƙin tsirrai suka cinye shi. Sai da aka shiga da hannu aka share, aka dasa, aka fitar da turba, sannan aka buɗe shi ga jama'a a 2016.

Mai zuwa kallon tsuntsaye ya nufi watan Mayu ko Satumba, da sassafe. Mai kare ya sani a cikin Ramble dole ya riƙe shi da igiya kowane lokaci. Yanzu zan gangara in bi ta bakin tafki zuwa Hallett ɗin, can za mu ci gaba a bidiyo na gaba, in sha Allahu.