Java ta ba mu var, ina val ya tsaya?

Nura: Saƙonni sun taru a kan batu guda, wai me ya hana Java, yaren rubuta shirin kwamfuta, ba mu val, kalmar buɗe ma'ajin da ba a sake masa ƙima. Yaya Bala, kai ne mai kare masu Java.

Bala: Ba kare su nake ba. Da aka kawo var, kalmar buɗe ma'aji ba tare da rubuta nau'insa ba, a Java 10, Maris 2018, ƙarƙashin takardar shawara JEP 286, an duba val, an duba let, aka ajiye su. Mai son ma'ajin da ba a sake masa ƙima sai ya rubuta final var.

Sadiya: Haruffa 8 kenan, val na yarukan Kotlin da Scala kuwa 3.

Bala: To, amma tun Java 8 kwamfaila, mai fassara wa na'ura kod, yana ganewa da kansa cewa ba ka sake taɓa ma'aji ba, ya bar ka ka yi amfani da shi cikin lambda, ɗan aikin da ba shi da suna, ko babu final. Rabin aikin val ya tafi. Ga kuma rikicin suna: let a Swift ba ya sauyawa, let a JavaScript yana sauyawa.

Nura: Ai Java ma tana da kalmar const.

Bala: A keɓe take tun farkon Java, ita da goto, ba abin da suke yi.

Sadiya: Filin da aka kama aka ƙi ginawa.

Nura: Ko bulo ɗaya babu!

Sadiya: Amma ka kuskura ka sa wa ma'ajinka suna const, nan take mai gadi zai fito.

Nura: Mai gadin kango, shekara kusan 30 yana karɓar albashi.

Bala: Ku bari mana. Shi var ba a mai da shi keɓaɓɓiyar kalma ba, sunan nau'i ne kawai aka hana. Saboda haka int var = 1 yana aiki har gobe, kilas (class) ne ba ya ɗaukar sunan. In aka yi wa val haka, Lombok, kayan ƙari da ake haɗawa da Java, za a taka, don nasu val ɗin nau'i ne da ake shigo da shi, lombok.val.

Sadiya: Ni damuwata daban ce, Yaya. Mutane na jin val su ɗauka an kulle komai.

Bala: Yauwa. Rubuta final var jeri = new ArrayList<String>(), sannan jeri.add("a"). Shiru, ya wuce. Ka ɗaure akuya a turke ne, ba ka hana ta cin dusa ba. In kana son kulle abin da ke ciki sai List.of ta Java 9, ita ma ba ta yin magana sai shirin yana gudana, ta jefo UnsupportedOperationException. Wani tarkon kuma, final int x ba ƙima yana yiwuwa, ka cika shi a if ko else. Da var ba hali, dole ƙima a layin.

Nura: Rust fa, da ta juya abin, let a kulle sai ka ƙara mut?

Bala: Wannan nake so, amma Java ta makara, tsohon kod zai...

Nura: Lokaci ya ci mu. Sadiya, a ƙara ko kar a ƙara?

Sadiya: A fara sallamar mai gadin tukuna.