Kujerar motata ta ƙi ɗumi, ashe wuta ce ba ta isa

Assalamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace na tashi, wallahi. Gilashin motata, ƙanƙara ce ta daskare a kai. Na shiga mota da asuba, na danna maɓallin ɗumama kujera, fitilarsa ta kama, ko minti ɗaya ba a yi ba ta mutu. Na sake dannawa, haka. Mu da muka taso cikin rana, a ce ka zauna kan kujerar fata a wannan sanyi? Har cikin ƙashi kake jinsa.

Na kai wani gareji, suka jona na'urar gwaji, ta nuna wutar da ke zuwa kujerar ta yi ƙasa. Bakaniken bai ko leƙa ƙarƙashinta ba ya ce a canza wayoyin ɗumin gaba ɗaya. Na ce masa ya dakata. In da wayar ɗumin ce ta tsinke, me zai sa na'ura ta yi kukan ƙarancin wuta?

Na dawo na ɗauko mitata ta auna ƙarfin wuta. Batir mai lafiya, mota a kashe, yana nuna kusan volt 12.6. Nawa 12.4, ba laifi. Na tayar da inji, ya hau 14.2, wato caji na shiga. Wannan gwajin kada ku tsallake shi, domin motocin zamani da yawa in kwamfutarsu ta ga batir ya yi rauni, da kanta take yanke wa kujera wuta don ta rage nauyi. Sanyi kuma yana karya ƙarfin batir, balle wanda kullum gajeriyar tafiya yake yi, ba ya samun cika. Wani maƙwabcina haka ya yi ta zargin kujera, ashe batirinsa ne ya tsufa.

Fis, wato ɗan abin da ke tsinkewa ya yanke wuta in ta yi yawa, lafiyarsa lau. Sai na tura kujerar baya, na durƙusa da tocila. Ga abin da ya ba ni mamaki: a soket ɗin ƙarƙashi, ɗumi a kashe, mita ta nuna 14 cif. Ina kunnawa ta faɗo 11 da 'yan kai. Nan ne asirin! Gwada waya ba tare da tana jan wuta ba yaudara ce, ko siririn gashi ɗaya ya rage a cikinta za ta nuna maka cikakkiyar lamba. Na zare soket ɗin, bakinsa ya yi kore shar da tsatsa. Ƙanƙarar takalmi ce ke narkewa, ga gishirin da ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara, duk su taru a ƙasan kujera. Na wanke shi da feshin goge wayoyi, na ƙara ɗaure wayar da ke komawa jikin ƙarfen mota, don ita ma ta saki.

Amma ku ji ni da kyau, 'yan uwa. Soket mai launin rawaya a ƙarƙashin kujera na jakar iskar kariya ne, wadda ke kumbura in an yi hatsari, kada ku kusance shi da mita. Kafin ku zare komai, ku kashe mota, ku cire kan batir. Kuma don Allah kada wani ya ce muku ku sa fis mafi girma, haka waya ke narkewa a ƙarƙashin mutum.

To, ga shi na danna. Fitila ta tsaya. Alhamdulillahi, bayana ya fara jin ɗumi, kuma da hannuna na gyara.