Zauren Glover na Legas da abin da ya shafe mu a Kano

(An rubuto wannan daga faifan laccar da aka gabatar a wani taron masu wasan kwaikwayo a birnin Kano.)

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayena, da 'yan'uwa masu wannan sana'a, yau bakin teku zan kai ku, wato Ikko, mu duba tarihin wani zaure guda.

Sunan zauren ya samo asali ne daga John Glover, Baturen da ya mulki Legas. Mu Hausawa muna da alaƙa da shi, domin a 1863 ya tara wasu 'yan Arewa ya ba su bindiga, aka riƙa kiran su Hausawan Glover, kuma daga wannan ƙaramar runduna ake fara lissafin tarihin sojan Nijeriya. Bayan rasuwarsa a 1885, mutanen gari suka yi karo-karo don a gina zauren tunawa da shi a bakin ruwa. Ku riƙe wannan maganar ta karo-karo, domin ita ta tsayar da ni a gabanku.

A wannan zaure aka fara haska majigi a ƙasar nan, a watan Agustan 1903. A nan ake lacca, a nan 'yan boko ke taron siyasa, a nan 'yan coci ke wasanninsu na waƙa. A 1944 wani ɗan sanda mai suna Hubert Ogunde ya hau dandamalinsa da wasansa na farko. Ba a daɗe ba ya ajiye kaki, ya kafa ƙungiyar da ke cin abinci da wasa kaɗai, yana loda 'yan wasa da ganguna a mota yana bin garuruwa. Da aka harbe ma'aikatan kwal 21 a Inugu a 1949, sai ya mayar da abin wasa, ya taho da shi Arewa. A nan Kano hukumar mulkin mallaka ta hana shi nunawa. Bature bai ɗauki ɗan wasa abin raini ba, ya san abin da dandamali ke iya yi wa zukatan jama'a.

Daga baya gwamnati ta gina katafaren gidan wasa na ƙasa a unguwar Iganmu ta Legas saboda FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya na 1977, aka kwaikwayo fasalinsa daga wani gini a Barna ta ƙasar Bulgeriya. An gina babban ɗakinsa don ya ci mutum kusan 5,000, amma ya yi shekaru a rufe yana lalacewa, saboda babu unguwar da take jin nata ne.

To, mu dawo gida. Kano ba ta taɓa rasa 'yan wasa ba. Muna da tashe, da 'yan kama, da 'yan gambara. Marigayi Ɗanmasanin Kano, Alhaji Maitama Sule, ya yi wasan dandamali tun yana malamin makaranta. Ƙungiyoyi irin su Tumbin Giwa da Gyaranya daga dandamali da talabijin suka taso kafin zuwan kaset. Wallahi abin da ke ci mini rai shi ne muhalli. Silimun da muka sani, da yawa sun koma kantuna, yaro mai basira kuwa sai dai ya ari ajin makaranta ya yi atisaye, maigadi na tsaye yana jira ya kulle ƙofa. Akwai fili a Gidan Ɗan Hausa, amma ina fili ɗaya zai ishi garin da ya kai girman Kano?

Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyin da ke zaune a nan, kafin a tashi kowace ta ba da sunan mutum biyu, su zauna su fito mana da lissafin kuɗin fili da na rumfa, don mu ma mu yi karo-karo mu gina namu zauren. Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu.