Lacca a Katsina: Ciwon MS da abin da tarukan likitoci ke faɗa

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abubuwa uku zan tsakuro muku daga tarukan likitocin jijiya kan ciwon MS, wato multiple sclerosis, musamman na ECTRIMS da ake yi duk shekara a Turai.

Na farko, shi kansa ciwon. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta ci rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka da ido, kamar ɓera ya gwaguye robar wayar lantarki. Tun 1868 wani likitan jijiya mai suna Charcot ya bayyana shi a Faris. Ƙididdigar 2020 ta ce mutum miliyan 2.8 ke fama da shi a duniya, mata sun ninka maza, galibi kuma yakan fara tsakanin shekara 20 da 40.

Na biyu, ganewa. A taron 2024 a Kofenhegen an gabatar da gyaran ƙa'idojin McDonald, waɗanda likitoci ke bi wajen tabbatar da MS, aka sa jijiyar ido cikin wuraren da ake ƙirgawa in an ga tabon ciwon, suka zama biyar. Madalla. Amma ƙa'idar tana da sharaɗi: sai in babu wani ciwo da ya fi dacewa da alamomin. Nan nake so mu zauna.

Budurwa ce aka kawo, ido ɗaya ya dushe, in ta juya shi ya yi zafi. Bayan wata shida ƙafafu suka mutu, fitsari ya riƙe. A gida an ce jifa ne, an sha hayaƙi. Kai kuma likita ka ce MS. Tsaya tukuna! Akwai ɗan'uwansa NMO, ciwon da garkuwar jiki ke kai wa jijiyar ido da laka hari, wanda ya fi kama baƙar fata fiye da Turawa. Ka duba hoton MRI na laka: in tabon ya miƙe tsawon gaɓar ƙashin baya uku ko fiye, ka zargi NMO. Ka tambaya ko ta taɓa shaƙuwa da amai na kwanaki ba dalili. Sannan gwajin jini na aquaporin-4, mai neman sinadarin garkuwa da ke nuna NMO, wanda aka gano a 2004. Me ya sa na nace? Saboda interferon, maganin MS tun 1993, yana iya ƙara tsananta NMO. Ku rubuta wannan. Na ga wani yana danna waya, Allah Ya sa rubutawa yake. Interferon na iya tsananta NMO, yarinya ta makance.

Kuma a nan Katsina, kafin duk wannan, sai ka kawar da zargin tibin ƙashin baya, HIV, tunjere, ƙarancin bitamin B12, har tsargiya takan hau laka. In MS ya taso, methylprednisolone, maganin kwantar da kumburi, giram 1 kullum a ƙarin ruwa, kwana 3 zuwa 5, ana duba suga da hawan jini. Ka zuba wannan kan tibi ba maganin tibi, ka ƙara wa wuta fetur.

Na nawa muke? To, magani dai. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta sa magungunan MS uku, rituximab da cladribine da glatiramer, cikin jerin muhimman magunguna. Kafin rituximab a gwada ciwon hanta nau'in B, don yana iya tayar da shi.

Na'am, Sista?

Tana tambaya: mai ciwon da ganinta ke dushewa duk lokacin zafin bazara, sabon tashi ne? Sau da yawa a'a. Jijiyar da ta rasa rigarta ba ta jure zafi. In jiki ya huce, gani ya dawo. Sabon tashi sai alamar ta wuce awa 24, ba zazzaɓi. Don haka ku fara gwada maleriya da fitsari, ta zauna a inuwa, ta watsa ruwan randa, ta bar girkin murhu da tsakar rana. In gobe gani bai dawo ba, a kawo ta. An kira la'asar, mu tashi.