Gidajen Katako na Bakin Bosforus

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau ya leƙa Istanbul ta ƙasar Turkiyya.

Ranar 7 ga Afrilun 2018, wani jirgin dakon kaya mai suna Vitaspirit, mai tsawon mita 225, ya ƙwace wa matuƙansa a mashigin Bosforus, wanda ya raba birnin gida biyu tsakanin Turai da Asiya, ya je ya soki wani jan gidan katako a gaɓar Asiya. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba, amma gaban gidan ya rufta. Gidan kuwa na Hekimbashi Salih Efendi ne, babban likitan fadar Daular Usmaniyya ta Turkawa a ƙarni na 19.

Irin waɗannan gidaje Turkawa na ce musu yali. Magina sun juya fuskarsu ga ruwa, suka ba tudu baya, domin a wancan zamani ruwan shi ne hanya. Baƙo a kwalekwale yake zuwa, kuma gidaje da dama suna da rumfar ajiye kwalekwale a ƙarƙashinsu. Mafi tsufa da ya rage shi ne na waziri Amjazade Husaini Pasha, ginin shekarar 1699. Zaurensa ya zarce gaɓa, ya rataya bisa ruwa a kan tokare, tagogi jere ƙasa-ƙasa, yadda wanda ke zaune zai ga igiyar ruwa ba sai ya miƙe ba. Da hantsi hasken ruwan kan yi ta rawa a jikin rufi. Wanda ya tsara wannan zaure ya san wurin ciki da bai.

To amma ruwan yau ba na kwalekwale ba ne. Jirage wajen dubu 40 ke ratsa mashigin kowace shekara, ga shi a wani wurin faɗinsa bai wuce mita 700 ba, ga lanƙwasa, ga ƙarfin ruwa. Yarjejeniyar Montreux ta 1936, wadda ƙasashe suka ƙulla kan zirga-zirgar jirage a mashigin, ta ba jiragen kasuwanci 'yancin wucewa, ba ta ma tilasta musu ɗaukar jagora ba.

A 1983 Turkiyya ta kafa dokar kare gaɓar Bosforus daga masu gine-gine barkatai, kuma ta yi amfani. Sai dai dokar a tudu ta tsaya. A ganina lokaci ya yi da ƙasashen da suka sa hannu a Montreux za su yarda kowane ƙaton jirgi ya samu rakiyar ƙaramin jirgi mai jan manyan jirage tun daga bakin mashigin har ya fita.